Daga gunduma zuwa Lugard Hall: yadda ake cin kujerar Majalisar Dokokin Kaduna da yadda ake riƙe ta

Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, mai zama a Lugard Hall, kujeru 34 gare ta, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 23 da gundumomi 255. Wasu ƙananan hukumomin kujera ɗaya suke da ita, wasu an raba su: Igabi ta Gabas da ta Yamma, Kawo da Doka/Gabasawa a Kaduna ta Arewa, Basawa da Sabon Gari, Kakangi da Magajin Gari a Birnin Gwari. Galibin masu neman waɗannan kujeru ba ranar zaɓe suke faɗuwa ba. Wani takarda ce ke kayar da shi tun a wurin tantancewa, wani deliget, wani kuma ya ci zaɓen lafiya lau amma ya rasa mazaɓarsa a shekara ta biyu bai sani ba. Wannan jagora ta bi hanyar daki-daki, ta fi tsayawa a wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Takardu tukuna, fosta daga baya

Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 abu huɗu ya nema: ka zama ɗan Najeriya, ka kai shekara 25, ka yi karatu zuwa matakin kammala sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da kai. Da shekara 30 ne, gyaran da aka sa wa hannu a watan Mayun 2018 ya sauko da shi. Babu ɗan takarar kashin kansa, dole sai da jam'iyya.

Sashe na 107 shi ne mai haɗari. Ma'aikacin gwamnati, malamin makaranta ne ko ma'aikacin lafiya ko na ƙaramar hukuma, sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Faɗa da baki ba ya isa. Rubuta takardar ajiye aiki, ka kai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka, sannan ka bi diddigi a tsayar da albashin. Idan albashi ya ci gaba da shigowa asusunka kana cira, lauyan abokin hamayyarka ya samu abin riƙewa. Sashen ya kuma hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓen, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda ya miƙa wa INEC takardar jabu.

Sai ka baje takardunka a kan tabarma ka karanta su kamar maƙiyinka ne ke karantawa. Shaidar firamare ta ce Sani Muhammad, ta WAEC ta ce Mohammed Sani Abdullahi, katin zaɓe ya ce an haife ka 1984, takardar rantsuwar shekaru ta ce 1986. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kotu takarda take gani. A gyara da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida tun shekara guda kafin a fara sayar da fom. Shawarar da masu gogewa ke bayarwa kuma ita ce kada ka cika fom ɗin INEC da duk wata shaida da ka taɓa samu. Doka sakandare ta nema. Difloma mai shakku da ka liƙa don ado tana iya cin kujerar da satifiket ɗin sakandare kaɗai zai tsare maka.

Gunduma ce tushe

Rajistar jam'iyya a gundumarka ake yin ta, kuma sunanka ya kasance cikin kundin da jam'iyya za ta miƙa wa INEC kafin zaɓen fidda gwani. Katin zaɓenka ma ya kasance a cikin mazaɓar da kake nema. Wanda ke zaune a Barnawa yana neman kujerar garinsu a Lere ko Giwa ya mayar da rajistarsa gida da wuri, don ranar zaɓe a gan shi a layi da mutanensa.

Abin da sababbi ba sa ganewa shi ne zaɓen shugabannin jam'iyya na gunduma da na ƙaramar hukuma, wanda ake yi tun kafin a fara maganar takara, shi ne rabin tikitin. Shugaban jam'iyya na gunduma, sakatare, shugabar mata, shugaban matasa, su ne ke tsara wanda zai zama deliget, su ne kuma ke riƙe da kundin mambobi idan 'yar tinƙe za a yi. Wanda ya zo bayan an gama wannan, gidan wani ya tarar an gina, haya kawai zai kama.

Sai batun karɓa-karɓa. Ba ya cikin kowace doka, amma a mazaɓu da yawa akwai fahimta tsakanin gundumomi ko masarautu ko ƙabilu: wannan ɓangare ya riƙe shugaban ƙaramar hukuma, wancan ya riƙe ɗan majalisa. A Kaduna, inda addini da ƙabila ke shiga lissafin kowace kujera, tambayi dattawan jam'iyya tun farko ko zagayen naku ne. Idan ba naku ba ne, za ka iya tsayawa, sai dai ka san da tsarin gaba ɗaya kake kokawa.

Tikiti

A zaɓen 2023, APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha a kan Naira miliyan 2, PDP Naira 600,000, duka biyun da rangwame ga mata da matasa. Kuɗin fom shi ne mafi ƙanƙanta a abin da za ka kashe. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi wancan zaɓe da ita, ta ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha Naira miliyan 30 a yaƙin neman zaɓe. Ana yi wa dokar zaɓe gyara lokaci zuwa lokaci, don haka ka mallaki kwafin wadda ke aiki da jadawalin INEC na zagayen da kake ciki, ka ba lauya ya fitar maka da ranaku a takarda ɗaya.

Hanyoyi uku waccan doka ta amince da su: 'yar tinƙe, wato duk mai katin jam'iyya ya yi zaɓe, da zaɓen deliget, da maslaha. Kowace da ramin da ke cikinta.

A zaɓen deliget, jerin sunayen shi ne komai. Nemi kwafin da aka tabbatar kafin ranar, domin sauya sunaye cikin dare tsohuwar dabara ce. Kuma kada ka ƙidaya rantsuwa a matsayin ƙuri'a. Deliget zai riƙe hannunka ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni naka ne ko ba ko sisi," ya fita ya faɗa wa mutum uku haka kafin la'asar. Ƙidaya waɗanda ke da dalilin zama naka: wanda ka tsaya masa ya hau kujerarsa, wanda ubangidansa ke tare da kai, wanda gundumarsa za ta amfana. Idan waɗannan ba su kai rabi ba, ba ka shirya ba.

Maslaha kuwa, dokar ta ce sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta amincewarsu da janyewa. Idan aka kira ka gidan wani babba aka ce ka haƙura, kada ka sa hannu a wurin. Nemi kwana ɗaya. Idan za ka janye, ka janye da sharaɗi bayyananne a gaban shaidu. Idan ba za ka janye ba, rashin sa hannunka shi ne hujjarka.

Ko wace hanya aka bi, tabbatar jami'an INEC sun halarta, an yi a wurin da aka sanar da su, kuma ka karɓi kwafin sakamako. Idan an yi maka ƙwace, kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba ka daga ranar da abin ya faru ka shigar da ƙara. Da yawa suna ɓata kwanakin nan suna jiran kwamitin sulhu na jam'iyya, har ƙofa ta rufe. Shigar da ƙarar, a yi sulhun tana gaban kotu. Ana iya janye ta kowane lokaci.

Ranar zaɓe

Kujerar majalisa ba ta buƙatar kaso ɗaya cikin huɗu a wurare kamar ta gwamna. Wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ci, ko da ɗaya ce. Saboda haka taron gangami da jerin gwanon motoci ba su kai muhimmancin ejen ba. Kowace rumfa ejen guda wanda a nan yake zaɓe, ya iya karatu da lissafi, wayarsa da caji, an biya shi rabin kuɗinsa da safe. Ejen da aka bari da yunwa, wani zai ciyar da shi.

Aikinsa huɗu ne: ya ga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS tana kan sifili kafin a fara, ya rubuta adadin waɗanda aka tantance, ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya karɓi kwafin takardar sakamako ta EC8A mai sa hannu da hatimi ya ɗauki hotonta. Idan ƙuri'un da aka kaɗa suka fi waɗanda aka tantance, soke rumfar ake yi. Ma'ana, magoya bayanka masu zumuɗi za su iya jawo maka asarar akwatin da ka fi ƙarfi. Haka idan 'yan sara-suka suka tarwatsa rumfa. Idan tazarar da ke tsakaninku ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai a ce zaɓe bai kammala ba, a sake fita, kuɗi kuma sun ƙare.

Mafi gogewar mutanenka ka ajiye su don wurin tattara sakamako na gunduma, inda ake kwashe alƙaluma zuwa takardar sakamakon gunduma ta EC8B, galibi cikin dare, a ajin firamare, da fitilar waya. A nan 182 ke komawa 128. Wakilinka ya zauna da kwafin kowace rumfa a hannu yana bi layi-layi.

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 daga bayyana sakamako ya kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kotun na da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma a kujerar majalisar jiha Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ƙarshe, ba a zuwa Kotun Ƙoli. Ko kai ka ci, ware kuɗin lauya tun kafin rantsuwa.

Shiga zaure

Gwamna ne ke fitar da sanarwar zaman farko, daga ranar ne shekara huɗu ke fara ƙirguwa. Kafin ka zauna sai ka bayyana kadarorinka ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ka yi rantsuwa. Cika fom ɗin da kanka, har gonar gado da filin da ba a gina ba. Rufe duk wani asusun banki na ƙasar waje, domin an haramta wa ɗan majalisa, kuma ka janye hannu daga gudanar da kamfani, noma kaɗai aka yarda. Rigar kariya ta sashe na 308 ta gwamna ce da mataimakinsa, ba ta kai kanka ba.

Ƙuri'arka ta farko ita ce ta zaɓen kakaki, kuma ita ke yanke kwamitin da za a ba ka. Kowa na rububin kwamitin kasafi da na ayyuka. Sabon shiga ya fi cin riba idan ya nemi kwamitin da ya dace da ciwon mazaɓarsa. Ɗan Kakangi ko Kajuru ya nemi na tsaro ko na noma, ɗan Tudun Wada ko Makera ya nemi na muhalli ko lafiya ko ilimi. Ka kuma yi abota da akawun majalisa da sakatarorin kwamitoci. Mambobi na zuwa suna tafiya, su suna nan, sun san inda kowane fayil ya kwana.

Karanta littafin ƙa'idojin zama har ka san lambobinsa. Kaso ɗaya cikin uku na mambobi ke sa zama ya halatta. Da Turanci ake muhawara, ko da yake sashe na 97 ya ba majalisa damar ƙara wani harshe na jihar idan ta amince. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya rubuta maganarsa a gajarce ya karanta, ya fi shiru na shekara huɗu.

Bambanta ƙorafin gaggawa da ƙudirin doka. Na farko kira ne ga gwamnati: gada ta karye, a zo a duba. Ana amincewa da shi cikin minti goma, ka samu labari a rediyo, amma ba ya tilasta kowa. Ƙudirin doka yana bin karatu na farko, na biyu inda ake muhawara, kwamiti da jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan gwamna na da kwana 30 ya sa hannu. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku za su iya zartarwa, wato mutum 23 a Kaduna. Ƙudirorin mambobi kan mutu saboda dalili biyu: ko sun shiga hurumin tarayya kamar 'yan sanda da soja, ko sun ƙirƙiro sabuwar hukuma ba a faɗi inda kuɗinta zai fito ba. Zauna da ma'aikatar da abin ya shafa da Ma'aikatar Shari'a kafin karatu na farko. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya buɗe wa jihohi fagen lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, fili ne ga mai neman dokar da za a tuna shi da ita.

Kasafi, inda ake aikin gaske

Ɗan majalisa ba ya ba da kwangila. Mutanen mazaɓa ba ruwansu da wannan, rijiya da aji da kwalbati suke son gani. Hanyar da za ka kawo su ita ce kasafin kuɗi, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai gwamna ya kawo kasafin zaure a ƙarshen shekara. A lokacin an riga an raba wa kowace ma'aikata iyakarta, abin da za ka iya sai ɗan gyara.

Fara tun tsakiyar shekara. Zagaya gundumominka, kowace ta ba ka buƙatu biyu ko uku a rubuce, da sa hannun mai unguwa ko hakimi da shugabannin al'umma. Ka ɗauki hoto, ka ƙirga: ɗalibai nawa, azuzuwa nawa suka rufta, kilomita nawa zuwa asibiti mafi kusa. Sai ka kai kowace buƙata gidanta. Azuzuwan firamare hukumar ilimin matakin farko (SUBEB), rijiyoyin karkara hukumar ruwan karkara (RUWASSA), tituna hukumar tituna (KADRA), ƙananan asibitoci hukumar lafiya a matakin farko. Manufarka aikin ya shiga cikin abin da hukumar za ta aika wa Hukumar Tsare-tsare da Kasafi da kanta.

Lokacin kare kasafi, duba yadda aka rubuta layin. "Gyaran makarantu a faɗin jiha" ba naka ba ne, kowa zai iya jan sa. Nemi a rubuta sunan makarantar da garin da adadin kuɗin. Bayan an sa hannu kuma, shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Duk wata uku ka duba rahoton aiwatar da kasafi, ka tambayi kwamishina a rubuce. Sashe na 128 da 129 sun ba majalisa ikon bincike da gayyatar kowa ya zo da takardu, kuma rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha majalisa ake kawo wa. Yi amfani da wannan iko don aiki ya tashi. Wanda ya mayar da ziyarar sa ido hanyar karɓar ambulan, daga ranar babban sakatare ya daina jin tsoron wasiƙarsa.

Kai da Gidan Sir Kashim, fadar gwamna

Kaduna ta san ƙarshen rigimar majalisa da gwamna. Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau mulki a 1979 da majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Yau an fi fama da akasin haka, majalisar da ba ta cewa a'a. Tsaka-tsaki shi ne ka san wuraren da ake buƙatar ƙuri'arka, wato tantance kwamishinoni, kasafi, ƙarin kasafi da amincewa da bashi, ka karanta takardun kafin zama, ka kai ƙorafinka taron mambobin jam'iyya kafin ka kai shi gaban 'yan jarida. Ɗan adawa kuma ya riƙe alƙaluma. Ihu ba ya hana rinjaye wucewa, amma tambaya mai lamba tana shiga kundin zama.

Ƙofar gida

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da su a zaure: dattijo da takardar magani a ninke cikin hula, matashi da fayil ɗin neman aiki, mata biyu da katin biki, wani yana cewa, "Honorabul, matar ce ta haihu, jibi suna." Ba za ka iya korar su ba, ba kuma za ka iya biya wa kowa ba. Albashin da hukumar rabon arzikin ƙasa (RMAFC) ta tsara bai yi kusa da wannan nauyi ba, shi ya sa da yawa ke gama wa'adi da bashi.

Buɗe ofis a cikin mazaɓa, da ranar ganawa sananniya da littafin rubuta buƙatu. Yanke abin da za ka iya fitarwa kowane wata, ka fifita rashin lafiya da kuɗin jarrabawa. Abin da ba za ka iya ba ka faɗa a take. "Ka dawo jibi" sau uku ta fi "babu" haifar da gaba. Ta'aziyya kuwa ka je da ƙafarka, ba a aike a wannan. Shugabannin jam'iyya na gunduma kada su ji labarin aikin da ka kawo a bakin wasu, da su za a kai kayan, da su za a buɗe, domin su ne za su sake zama a kan tikitinka.

Abin da ke ƙwace kujera, da mataki na gaba

Majalisa na zama aƙalla kwana 181 a shekara. Wanda ya yi fashin fiye da kaso ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sashe na 109 ya ba da damar a ayyana kujerarsa babu kowa. An yi haka da kujerar Sabon Gari a 2021, aka yi zaɓen cike gurbi, PDP ta ɗauke ta. Duk tafiya ko jinya, rubuta wa kakaki ka riƙe kwafi. Sauya sheƙa ma na cin kujera, sai idan jam'iyyarka ta rabu ko ta haɗe da wata, kuma kotuna sun fassara rabuwar da wadda ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa, ba rikicin reshen jiha ba. Kiranye na buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sannan INEC ta yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Da wuya ya kai ƙarshe, amma fara shi kaɗai na nuna wa masu neman kujerarka cewa bango ya tsage.

Ɗan majalisa ba shi da iyakar wa'adi. A farkon shekara ta uku ka yanke shawara: komawa, inda tsofaffi ke da fifiko wajen shugabancin majalisa da manyan kwamitoci, ko neman ɗaya daga kujeru 16 na Kaduna a Majalisar Wakilai. Ta biyun na nufin gundumomin da ba su taɓa zaɓenka ba, wani lokaci ƙaramar hukuma sukutum, da fom mai tsada, domin APC ta sayar da shi Naira miliyan 10 a 2022. Zaɓaɓɓe ba ya buƙatar ajiye kujerarsa kafin ya nemi wata, amma ba za ka riƙe tikiti biyu a zagaye ɗaya ba, don haka ranar da ka sayi fom ɗin Abuja ka bar na Lugard Hall ga wani. Idan kuma kwamishina aka ba ka, kujerar majalisar ta tafi daga ranar da ka yi rantsuwar kama aiki, kuma sai ka sake cika fom ɗin bayyana kadarori na ƙarshen wa'adi kafin ka shiga sabon ofis.